Sunan Suhaibu a Kwamfutar Grace

Tun da aka kashe Suhaibu a hanyar daji, mahaifiyarsa Furera ba ta da hotonsa ko ɗaya. Waɗanda suka tare motar sun tafi da wayarsa. Abin da ya rage yana cikin kwamfutar shagon Grace, a bakin tashar Birnin Gwari, inda yake buga wa mutane takardu.

Furera ba ta yi nisa a boko ba, amma ta iya rubuta sunan ɗanta. Grace ta zaunar da ita, ta nuna mata wani ɗan gurbi a ƙasan allon.

"Mama, a nan ake nema. Ban san inda ya ajiye hotunan ba, amma injin zai tono."

Da yatsa ɗaya Furera ta rubuta Suhaibu Gwaska, yadda kowa ke kiransa. Nan take allon ya cika da labarin harin daga intanet. Gawarwaki ne jere a kan tabarma, ga wata ƙafa ta leƙo daga ƙarƙashin zane, da tabon ƙunar da Suhaibu ya samu tun yana rarrafe.

Furera ta yi salati, ta rufe allon da gefen mayafinta.

"'Yar nan, wa ya ce ya fita waje? Ni cikin gida na aike shi."

"Haka aka yi shi, Mama. Duk abin da aka rubuta a nan, sai ya kai waje tukuna."

"Ashe shi ma infoma ne."

Ɗalha direba, da ke zaune a benci yana jiran a aika takardun motarsa, ya fashe da dariya, sai kuma ya haɗiye ta.

"To ki hana shi," in ji Furera.

Grace ta buɗe nan, ta rufe can, tana bin Turanci layi-layi har zufa ta karyo mata. Ba ta ga wurin kashewa ba.

"Sun binne makunnin. Ɗanki ne ya san irin wannan."

Furera ta ce to a bar Gwaska, a rubuta sunansa kawai. Tana danna harafi na uku injin ya ƙarasa mata sauran da kansa, ya sake shimfiɗa tabarmar nan. Fuskar ɗanta na cikin akwatin nan, ko taku ɗaya babu tsakaninsu, amma hanyar ta bi ta kan gawarsa.

Grace ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta zare wayar intanet ɗin.

"Haba Madam! Takarduna fa suna kan hanya!" in ji Ɗalha.

Grace ta ce, "Su kwana a hanya, a Buruku. Kai sau nawa ka taɓa kwana a can?"

Furera ta sake rubutawa. Injin ya yi ta juyi kamar akuyar da aka ɗaure, bai sami ƙofa ba, sai ya kawo abin da ke cikinsa. Ga Suhaibu a bakin shagon, bakinsa cike da gasasshiyar masara, yana yi wa mai ɗaukar hoton daƙuwa.

"Mara kunya," ta ce a hankali.

Ɗalha ya miƙe ya leƙo, ya koma bencinsa. Grace na riƙe da wayar a hannu, ba wanda ya ce ta mayar.