Maganin Tsatsa na Malam Abdurrahim

Duk faɗin Jihar Arewa babu wanda ya san tsatsa kamar Malam Abdurrahim, babban akawu. Ya yi kwas na wata shida a Ingila cikin hunturu, ya ga da idonsa yadda Turawa ke watsa gishiri a kan titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma ya manne a ƙarƙashin motoci yana ci. Ya dawo Kaduna da wannan ilmi, da wani ɗan littafi mai jan bango. Da ya sayi a-kori-kura a shekarar 1957, ya ɗauki Audi direba, sai ilmin ya sami wanda zai sauka a kansa.

Audi ya shekara goma sha huɗu yana tuƙi, mota ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba. Burinsa ɗaya ne: ya yi wa Malam shekara biyu, ya karɓi takardar shaida daga hannun babban akawu kamar yadda ya yi masa alkawari, ya shiga tuƙin gwamnati, inda ake ba da kaki da fansho.

Littafin ya ce a shafe ƙarƙashin mota kafin sanyi ya shigo. Saboda haka daga Nuwamba, kowace Asabar, Audi zai kwanta rigingine a ƙofar gidan Malam a Doka, da tsumma da garwar tsohon baƙin mai da aka dama da giris. Malam yana kan kujera, yana karantawa da Turanci yana fassara masa. Man ya ɗiga a gemu, ya shiga kunne, wani lokaci har baki. Sabulu ya gaza. Matarsa Larai ta ware masa kwanonsa daban. A masallaci kuwa, sahu kan yi ɗan faɗi daidai inda ya tsaya.

Aikin motar shi ne dakon gishiri. Daga Babbar Kasuwa ake loda buhuna, a bi hanyar Zariya ana saukewa ƙauye-ƙauye. Da damina ta kankama, Audi ya je ya durƙusa.

"Maigida, a taimaka da tamfol da 'yan katakai. Gishirin nan idan ya jiƙe, tsiyaya yake yi a bayan mota."

"Audi, ka taɓa zuwa Ingila?"

"Ban wuce Jos ba, ranka ya daɗe."

"To, gishiri daga ƙasa yake kama mota. Shafi na goma sha ɗaya. Kuma da sanyi yake kamawa. Yanzu tsatsa hutu take yi."

"Ai su nasu gishirin a ƙasa yake, maigida. Namu a sama muke ɗora shi."

"Ran da ka rubuta naka littafin, ka kawo mini in karanta."

Audi ya koma wanke bayan motar a ɓoye, a wani rafi bayan Kawo. Sau uku ya yi, a na huɗu Malam ya ga ruwa yana ɗiga alhali ranar ba a yi ruwan sama ba. Ya yi masa lacca ta minti ashirin kan cewa ruwa ne uban tsatsa, ya kuma ambaci takardar shaida sau biyu. Audi bai sake ba. Ya zuba ido yana kallon bayan motar yana yin ja, yana kumbura, yana ɓarewa kamar gyambon da aka ƙi wankewa. Da Nuwamba ta zagayo, ya sake kwanciya rigingine.

A damina ta biyu, cikin Agusta, dab da Katabu, motar ta faɗa wani rami da bai kai a kira shi rami ba. Audi ya ji ƙara a baya, ya ji motar ta yi sauƙi. Ya fito ya tarar da buhu tara a cikin taɓo suna narkewa, bayan motar kuma ya zama taga.

Malam ya iso da yamma a motar abokinsa. Ya shimfiɗa jarida, ya durƙusa a kai, ya leƙa ƙasa. Ƙarafan ƙarƙashi baƙi wuluk, sai ƙyalli suke.

"Ka gani? Ko ɗigon tsatsa babu," in ji shi, fuskarsa cike da annuri. "Inda littafi ya kula, lafiya lau. Inda direba ya kula, ga shi nan."

Duk da haka Malam mutum ne mai cika alkawari. Da zai sallami Audi, ya buga masa takardar shaida da tafireta, layi uku, da Turanci, ya sa hannu da jan alƙalami. Audi bai iya Turanci ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Ranar Litinin ya sa rigarsa mafi ƙarancin wari, ya kai ta ofishin da ake ɗaukar direbobi. Akawun wurin ya karanta, ya ɗaga kai ya dube shi, ya sake karantawa. Sai ya ninke ta a hankali ya miƙa masa.

"Baba, ka adana ta a gida," in ji shi. "Ba sai ka riƙa nuna wa mutane ba."

Audi ya sa ta cikin hularsa, ya kama hanyar tasha a ƙafa.