Zanukan Malam Baballe

Shekara tara Malam Shitu yana koyar da zane a wata sakandaren 'yan mata a Rano, kuma dokarsa ɗaya ce: kada a kwafi aikin wani. Littafin da yake koyarwa da shi sunansa ne a bango, ga gargaɗin haƙƙin mallaka a shafin farko. Amma zanukan ciki na Malam Baballe ne, mai zayyanar allo na Rurum Tsohon Gari, wanda ya koya masa riƙon alƙalami. Da tsohon ya rasu, Shitu ya kwashe takardun daga akwatinsa, ya kai Kano aka buga.

Wata Laraba da hantsi, wata ɗaliba, Jannatu, ta ajiye aikinta a teburinsa. Zanen ƙulli ne mai kusurwa takwas, gefen hagu ba a ƙarasa ba. Nan take Shitu ya gane shi. Zanen Baballe na ƙarshe ke nan, wanda ajali ya katse a daidai wannan gefen. Shitu bai sa shi a littafin ba, bai taɓa nuna wa kowa ba.

"A ina kika ga wannan?"

"Ban gan shi ko'ina ba, Malam. Hannuna ne ya yi ta tafiya, da ya zo nan sai ya tsaya."

Kwana uku abinci ya ƙi shiga. In ya ɗauki alli, sai ya ji ƙamshin tawada da ƙaro a yatsunsa. Ran Asabar ya hau acaɓa zuwa Rurum, ya durƙusa gaban Iya Jumai, matar marigayin, ya faɗi komai.

Tsohuwa ta daɗe tana tsintar wake kafin ta ɗago. "Shitu, Malam bai taɓa hana kowa zanensa ba. Sunansa ne ka binne."

Da izininta ya ɗauki hoton zanukan ya sa a intanet da sunan Baballe, ya rubuta cewa kowa na iya kwafa, ya sauya, ya koyar, muddin ya ambaci mai su. Ya janye littafin, ya tsaya gaban ajin ya gaya musu da bakinsa.

Daga baya ya bincika. Jannatu 'yar Kibiya ce, ba ta taɓa taka Rurum ba. Har ta gama makarantar, Shitu bai ƙara duba aikinta shi kaɗai ba. Duk ran da za ta kawo zane, tsoro kan sa ya roƙi Malam Mukhtar, malamin lissafi, ya zauna tare da shi a ofis.