Yadda Ake Ƙwanƙwasa Ƙofa

Sau takwas ke nan Dogo yana dukan ƙofar katako da ƙafa, sau takwas Auta tana cewa a sake. Ita ce darakta. Wasan talabijin take shiryawa a kan wani zamani mai zuwa, shekara hamsin nan gaba, lokacin da sojoji suka ƙwace mulki suka hana mutum uku tsayawa wuri ɗaya. A wani tsohon sito suka kafa ɗakin wasan, ƙarƙashin fitilu masu zafi kamar murhu. Yau kamun wani malamin makaranta ake ɗauka, Dogo ne sajan.

Mahaifin Auta, Tela, shi ya ɗinka baƙaƙen kakin duka. An ajiye masa benci a gefe saboda maɓallin da zai tsinke. Amma zama ya gagare shi. Ya tashi, ya zauna, ya warware zare, ya sake naɗewa.

Abin da gida ya sani, ya yi shekara tara yana ɗinki a bariki a wani mulkin soja da ya wuce. Haka ya gaya wa matarsa har ta rasu. Haka Auta take faɗa wa ma'aikatanta da alfahari, wai babanta bai taɓa riƙe abin da ya fi almakashi ba. Ƙarya ce. Sai da ya ajiye kaki ya koyi ɗinki.

A karo na tara Dogo ya yi ruri ya doki ƙofar, sannan ya riƙe ƙafa yana cewa babban yatsansa ya yi murabus, a nemo wani ya ci gaba da mulkin. Mai kyamara ya ce sajan da ƙofa ta fi ƙarfinsa ai gara ya koma gadi. Ana cikin dariya, bakin Tela da ya shekara talatin a ɗinke ya farke.

"Ba haka ake yi ba."

Kowa ya juyo. Da ya so, da ya ce zancen kwalar riga yake. Bai ce ba. Ya ce ba a dukan ƙofa, maƙwabta za su fito. Da rana ake zuwa, lokacin cin abinci. A ƙwanƙwasa sau biyu, a gaisa, a tambayi lafiyar yara. A ce wa maigidan oga na son ganinsa na minti biyar. In ya nemi ɗaukar magani ko canza takalmi, a ce ba sai ya yi ba, yanzu zai dawo. A silifas suke tafiya.

Auta ta ce ya nuna musu. Ta janye mai fitowa a malami, ta tsaya bayan ƙofar da kanta.

Ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ta buɗe, ta tarar da murmushin da yake zuwa ɗaukarta makaranta da shi.

"Baba," ta ce a hankali, "masu silifas ɗin sun dawo?"

Hanya tana buɗe. Zai iya cewa a bakin sojoji ya ji, yana gwada musu wando. Ta ma tsaya tana jiran ya faɗi hakan.

"Biyu sun dawo."

"Cikin nawa?"

"Na daina ƙirgawa, Auta."

Ta daɗe tana kallon hannunsa. Sannan ta juya ta ce wa Dogo ya yi yadda ya gani. Ɗauka ɗaya aka yi. Ba wanda ya yi dariya, har mai kyamara.

Tela ya koma benci. Kullum in maɓalli ya tsinke, ita take kawo rigar da kanta, tana tsokanarsa wai ido ya tsufa. Yau daga can nesa ya ji muryarta, ba ta ko waiwayo ba.

"A kai wa tela rigar nan."

Ya karɓa. Ya lashi bakin zare, ya ɗaga allura saitin fitila. Sau uku yana gwadawa, zaren ya ƙi shiga.