Ranar da Rediyo Ya Ce Bai Sani Ba

A layin shagunan bakin titi, akwai wani tela da ake ce wa Rediyo, domin shekara ashirin duk abin da gwamnati ta yi a bakinsa ake ji. Labarun safe kawai yake saurara, ya wuni yana taka keke yana fassara su, kuma ba a yi masa gardama. Da 'yarsa ta sayo masa babbar waya, sai ya jingina ta jikin kwalin zare. Daga nan kabu ɗaya, dubawa ɗaya.

Ana haka maganar faɗaɗa titi ta taso, wai majalisar gari za ta rushe layin nasu. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya tambaye shi gaskiyar zancen.

Rediyo ya riga ya ga bidiyon wani ɗan majalisa yana rantsuwa ba za a taɓa kowa ba. Ya ga wanda ya ce bidiyon na bara ne, da wanda ya ce muryar ma haɗa ta aka yi. Ya karanta sharhi ya fi ɗari, kowa da hujjarsa. Ya laluba ransa, bai sami komai ba, ko tsoro.

"Wallahi, maƙwabci, ban sani ba," ya ce.

Mai aski ya yi dariya, ya ce yau batirin Rediyo ya mutu. Sauran kuwa suka ɗauka an toshe masa baki ne, har mai gyaran takalmi ya daina gaishe shi.

Ranar da aka kira masu shaguna taro a majalisa, Rediyo ya ce zai biyo su a baya. Ya zauna yana bin taron a waya, inda mutum uku da ke cikin ɗakin suka rubuta abu uku daban. Waɗanda suka je aka rubuta sunayensu, aka ba su rumfuna a sabuwar kasuwa. Shi ba ya ciki.

Bayan sati biyu aka shafa wa ƙofar shagonsa jan fenti, alamar za a rushe. Ya kwashe keke da dutsen guga ya kai gida, ya ajiye a falo kusa da taga. Matarsa ta tambaye shi wa ya yi musu wannan, masu mulki ko 'yan adawa. Ya ce kowa dai da abin da yake faɗa. Ta tsaya tana jiran sauran bayani, shi kuwa ya zura zare a allura, ya jawo wandon da ya rage bai kalmashe ba.