Lambar Ɗanasabe Mai Caji

"Ba zan tura ba, Yallaɓai."

Malam Abdussalami, shugaban ƙaramin asibitin, ya ɗago ya dubi Hamdiyya kamar bai ji daidai ba. Tun da aka kawo tsarin tura wa marasa lafiya saƙon tuni ta waya, aikin a hannunta yake, kuma ita ta sa ake maganar asibitinsu a Kiru. Masu awo sun daina tsallake ranarsu, masu rigakafi suna cika baranda. Yau ga ta ta kafe a kan saƙo ɗaya.

Yawancin matan ƙauyen Ba'awa ba su da waya, sai su ba da lambar Ɗanasabe mai caji na bakin kasuwa. Saƙo na shigowa zai miƙe a rumfarsa ya karanta da ƙarfi, wanda ke kusa ya kai gida. Hamdiyya ta taɓa ji da kunnenta yana shelar a gaya wa matar Tasi'u gobe awo, 'yan majalisar rumfar suka bushe da dariya, wani ya ce Tasi'u dai ba rani ba damina. Ba don mugunta suke yi ba, kuma saƙon yana isa.

Saƙon na wata matar Ba'awa ne, Muhsina, ita ma lambar ta bayar ranar da aka buɗe mata kati, tana cikin ruɗewa. Sai dai ita maganin cuta mai karya garkuwar jiki take karɓa. Daga ita sai mijinta suka sani, shi kuma yana Riruwai wajen haƙar ma'adini. Saƙon, wanda aka tsara daga sama ba a sauya masa ko kalma, ba ya ambaton cuta, amma yana cewa a zo ɗakin baya ranar Laraba. Babu wanda bai san masu shiga ɗakin baya ranar Laraba ba.

Malam Abdussalami ya ce a sama ana ganin duk saƙon da bai fita ba, kuma shi za a tambaya. Sannan ya sassauta murya.

"Idan ranar ta wuce ta, maganin ya ƙare, wa zai ɗauki alhakinta? Takardar makarantarki ce za ta ɗauka?"

"Ni zan kawo ta," in ji Hamdiyya.

Ranar Litinin da aka tashi daga aiki, ta cire fararen kaya ta hau acaɓa zuwa Ba'awa. Surukar Muhsina ta tarbe ta, ta ce ai Muhsina ta tafi Tudun Wada sunan ƙanwarta, sai an ga dawowarta. Tsohuwar ta ƙare mata kallo ta tambaye ta 'yar gidan waye. Hamdiyya ta ce tare suka yi Islamiyya da Muhsina, ta fito. Ta nemi mijin a waya har ta gaji, ba ta shiga.

Laraba ta zo. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ta leƙa. Har aka kulle ɗakin baya babu Muhsina. Abin da ya fi cin ta a rai shi ne ta san da an karanta saƙon a rumfar, da tuni wani direba ya kai shi Tudun Wada. Malam Abdussalami ya ce har yanzu ba a makara ba, ta tura. Ta sake cewa a'a, ta koma Ba'awa washegari, ta sake komawa.

Sai da mako ya zagayo har ya ɗora Muhsina ta shigo, ta rame, tana tari, robar maganin babu ko ƙwaya. Hidimar suna ta rikita mata lissafi. Ba ta ko gaisa ba ta kama hannun Hamdiyya.

"Malama, ba ki aika wa Ɗanasabe ba ko?"

"Ban aika ba."

Muhsina ta zauna a benci ta rufe fuska da hijabi.

A lokacin rahoto ya riga ya tafi. An karɓe wayar aikin daga hannun Hamdiyya, an mayar da ita wani ƙauye can cikin Doguwa, ba ta kuwa ba kowa haƙuri ba. Muhsina ta yi kwanaki babu magani, an tura jininta babban asibiti a duba ko har yanzu yana yi mata aiki, kuma Hamdiyya za ta tafi ba ta ji sakamakon ba.