Injiniyar Bashi

Manajan kamfanin robobi ya turo wa Auta takardar ɗaukar aiki da yatsa ɗaya. "Dubu casa'in a wata. In kin yarda, sa hannu nan."

Auta ta dubi lambar. Ba ta buƙatar biro, lissafin nan ta haddace shi kamar sunanta. Bashin jami'a zai riƙa cin dubu sittin duk wata, ƙarshen watan nan za a fara. Kuɗin mota ashirin da biyar. Saura biyar. Shekara biyar tana karatun injiniyan injuna, a ce ta tashi da dubu biyar! Ga takardar garejin Baba a hannun masu bashin, in ta kasa biya wata uku a jere, gareji ya tafi.

Dama Baba bai so ba. Bakanike ne, shekara talatin yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. "Ki ci bashi don ki koyi abin da zan koya miki kyauta?" Ya dai sa hannu, amma tun ranar ya laƙaba mata Injiniyar Bashi, ko a gaban baƙi haka yake kiranta.

"Yallaɓai, a ɗan ƙara," in ji ta.

Manaja ya yi dariya. "Mutum arba'in suka nemi aikin nan, malama."

Sai ga shugaban kanikawan kamfanin ya leƙo, gumi sharkaf. "Yallaɓai, famfon ruwan zafin nan ya fara kuka kuma."

"Kuma? Boris na huɗu ke nan a wata biyar!" Manaja ya miƙe a fusace. Auta ta ɗauki takardar ta bi bayansu, ba wanda ya gayyace ta, ba kuma wanda ya kore ta.

Famfon na can ƙuryar masana'anta, haɗe da injin lantarkin da ke juya shi, yana gurnani. Ta zaro tsohuwar sukudirebar Baba daga jaka, ta ɗora tsinin a jikin ƙarfen, ta kafa kunne a mariƙin.

"Boris ne," ta ce, tana nufin zoben ƙarfen da sandar famfon ke juyawa a cikinsa.

"To, sannu da ƙoƙari," in ji shugaban kanikawa. "Wannan ko mai gadi ya sani."

"Me ke cinye shi, Oga?"

"Jabun kaya. Saiti dai ni nake yi da hannuna, inji da famfo daidai wa daida, ko gashi ba ya ratsawa."

"Da sanyinsa kake saitawa?"

"Da zafinsa zan saita, in ƙone?"

Nan ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Aji uku, darasin da ya hana ta sakat har ta yi kuka a kansa! Ta tambayi zafin ruwan, ta ari abin awo ta gwada tsayin famfon, ta juya takardar albashi ta hau lissafi a bayanta.

"Oga, saitinka ba laifi. Amma ƙarfe in ya ɗau zafi miƙewa yake. Famfon na tashi sama kaɗan, bai kai kaurin farce ba, injin kuma yana nan inda ka bar shi. Wannan 'yar gocewar ke cin boris. A ɗaga injin da kaurin nan tun da sanyi, in famfon ya yi zafi zai taso ya same shi."

"Wato in karkata shi da gangan? Shekara ashirin ina aikin nan!"

"In bai yi ba, in tafi, ko ruwa kada ku ba ni."

Manaja ya dubi agogo, ya dubi famfon. "A gwada."

Aka kashe, aka jira ya huce. Aka sa sabon boris, ta auna siraran fallayen ƙarfe ta cusa ƙarƙashin ƙafafun injin, shugaban kanikawa na ɗaure noti yana ƙunƙuni. Da aka tayar, famfon ya ɗan yi rawa, Oga ya harare ta. Minti ashirin, talatin, ƙarfe ya ɗau zafi. Rawar ta lafa, sauti ya kwanta lumui. Ta miƙa masa sukudirebar. Ya daɗe da kunne a mariƙin kafin ya ɗago.

"Kai! Yarinyar nan, wa ya haife ki?"

A ofis ta ajiye takardar ta baya. Ƙasan lissafin ƙarfe ta yi wani: kuɗin boris huɗu, da kwana huɗu da kamfani ya tsaya cik. "Yallaɓai, dubu ɗari da hamsin." Ba ta sauke ido ba.

"Ke ba ki da kunya ko? Ɗari da arba'in. Bayan wata shida mu sake zama."

Ya gyara lambar a takardar, ta sa hannu. A mota ta yi ta murmushi ita kaɗai har matar da ke gefenta ta matsa.

Ta iske Baba a gareji, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Ta tsuguna ta zayyana masa komai. Ya turo kansa waje, ya karɓi takardar da baƙin hannunsa, ya karanta albashin sau biyu, ya juya ya ƙura wa lissafin ido.

"Da sukudirebata dai kika gano."

"Ita ta nuna min wurin, Baba. Ba ta gaya min dalili ba."

Ya yi tsaki, ya goge ido da bayan hannu, wai ƙura ce. Ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihun gaba. Can ya nuna wani janareta a lungu, wanda ya yi wata biyu yana tsinka masa bel, bai taɓa bari ta taɓa shi ba.

"Injiniya," ya ce, "zo ki duba min wannan."

Ta tsaya tana jiran sauran sunan. Baba ya miƙo mata sufana.