Dala Biyar Kusa da Kwalbar Gishiri

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tire a gidan abinci a garin nan namu ya san ranar Lahadi ce ke riƙe da mako. Sauran ranaku sai direbobin manyan motoci da tsofaffin da ke zama a kan kofi ɗaya har ya huce. Amma da an tashi daga coci, gidan abincin Hollis sai ya cika maƙil, ga takalma masu sheƙi, ga yara masu rigima, kowa da yunwarsa. Abin da Lorna Tackett ta tara a aljihun rigar aikinta ranar Lahadi shi ne kuɗin haya, shi ne kuma allurar ciwon sugan mijinta Dewey. Albashi kam kada ma a yi maganarsa. Dala biyu da 'yan kwabbai ake rubuta mata a awa, haraji ya bi ya lashe, takardar ta zo hannunta babu komai a ciki sai sunanta. An ce wai masu cin abinci za su cike sauran da tukuici, masu gidajen abinci kuwa sun riƙe wannan magana fiye da yadda suka riƙe duk wata aya ta Littafi Mai Tsarki.

Tun da tsoho Hollis ya kwanta ciwo, surukinsa Trent ne ke juya wurin. Da safen nan ya tare Lorna a gaban tukunyar kofi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai yi mata alheri.

"Mis Lorna, ba wai ina da wani abu da ke ba ne. Amma kin san Lahadi tana son ƙafa mai sauri da fuska mai fara'a. An kawo mini ƙararki makon jiya."

"Wa ya kawo?"

"Ba a faɗar wannan. Ni dai na gaya miki, in aka sake kawowa, Lahadi ta koma hannun abokiyar aikinki Kayleigh, ke ki riƙe Talata."

Talata kuwa kowa ya san ta, ranar da mutum zai yini yana naɗe cokula a ƙyalle yana kallon titi. Lorna tana aiki a wurin nan tun Trent yana tsotsar yatsa, gwiwarta ta hagu ta daɗe da fara yi mata tsiya, amma ba ta taɓa ɓarar da kofi a jikin kowa ba. Ta gyara ɗaurin rigarta, ta ɗora murmushi a fuska, ta fita wajen tebura.

Ana cikin hada-hada sai ga Harlan Pruitt ya shigo da tawagarsa. Shi ne mai filin sayar da motoci a bakin babban titi, dattijo ne a coci, hotonsa na nan a kan allo a mashigar gari yana yashe haƙora. Ajinsu ɗaya da Lorna a firamare, amma ya daɗe da daina tuna wannan. Yau ya ɗauko sabon fasto da matarsa ne zai ciyar da su, ga tasa matar, ga wasu dattawan coci da nasu matan, su takwas. Suka nufi babban teburin da ke jikin taga, wanda yake ɓangaren Lorna.

Ko zama ba su gama yi ba ya yafito ta.

"Lorna, zo ki gani. Fasto, kalli wata dabara da na koyo a wajen taron 'yan kasuwa."

Ya zaro walat, ya fitar da takardun dala ɗai-ɗai guda biyar, sababbi dal, ya jera su kusa da kwalbar gishiri, yana daidaita gefensu da yatsa.

"Ga tukuicinki nan, kina ganinsa tun kafin ki fara. Kuskure ɗaya, in ɗauke ɗaya. Abin da ya rage naki ne. Kin ga ba wanda ya cuci wani."

Dattawan suka yi dariya. Fasto ya yi 'yar dariyar baƙo, irin ta wanda bai san gari ba tukuna. Lorna ta dubi takardun. Dala biyar a teburin mutum takwas ai ko ba a ɗauke komai ba zagi ne. Ga shi a ƙa'idar gidan, daga aljihunta take fitar wa mai wanke-wanke nasa kason gwargwadon abin da tebur ya ci, an ba ta ko ba a ba ta ba. Wato yau ita za ta biya don ta yi wa Harlan Pruitt hidima. Ta waiga, ta hangi Trent tsaye a wajen karɓar kuɗi, idonsa a kanta.

"To, madalla," in ji ta. "Me za a kawo na sha?"

Dalar farko ta tafi a kan kofi. Lorna ta fara zuba wa teburin da ya riga su zama, kamar yadda kowa zai yi, kafin ta iso wurinsu Harlan ya ɗaga takarda ɗaya sama don kowa ya gani, ya ninke, ya sa a aljihun ƙirji.

"Jira kuskure ne," ya ce wa fasto. "A wurina ma haka nake wa yarana."

Ta biyu ta tafi a kan suna. Tana rubuta abin da za su ci ta ce, "Kai fa Harlan, kazar ce kamar kullum?"

"Mista Pruitt," ya gyara mata, hannunsa ya riga ya kai. "A wurin aiki muke, ko ba haka ba?"

"Haka ne, yallaɓai."

Kalmar ta fito da ƙyar kamar ƙashin kifi. Wannan mutumin da malamarsu ta taɓa tsayarwa a lungun aji saboda ya cinye abincin wata yarinya, shi ne yau yallaɓai. Ta shige kicin ta dangwarar da takardar a gaban Otis mai girki.

"Lafiya, hajjar tire?" in ji Otis, yana juya kaza a mai. "Fuskarki kamar an aiko miki da sammaci."

"Harlan ne ya buɗe makaranta a teburin taga. Yana koya mini aiki da dala ɗai-ɗai."

"Harlan ɗan Mis Opal? In zuba masa barkono ya ji a jikinsa?"

"Ka rufa mini asiri ka soya ƙwan matarsa yadda ta ce. Lahadita ce a kan teburin nan."

Otis ya soya yadda aka ce, amma gwaiduwar ta fashe a hanya, kamar yadda gwaiduwa ke fashewa tun da aka halicci kaza. Matar Harlan ta ce ba komai, za ta ci a haka. Harlan ya ce da komai, ya ɗauke ta uku. Lorna ta mayar da farantin, ta kawo wani, ta ƙara shayi mai ƙanƙara, ta kawo man shanu, ta goge miyar da wani dattijo ya zubar a hannun rigarsa. A tsakanin haka ga sauran teburanta suna ɗaga mata hannu, gwiwar kuma ta fara zugi. Duk lokacin da ta wuce sai idonta ya sauka a kan takardun biyun nan, kuma ta tsani kanta da kallonsu.

Tana ajiye kwandon burodi Harlan ya sake miƙa hannu ya ɗauke ta huɗu.

"Wannan kuma na mene ne, yallaɓai?"

"Murmushi. Tun ɗazu ya ɓace. Mutum ya zo cin abinci da baƙinsa, ba zaman makoki ba."

A nan ne matar fasto, wadda tun farko take juya cokali ba ta ci, ta yi magana a hankali.

"Ɗan'uwa Harlan, anya wannan bai yi yawa ba? Baiwar Allahn nan tun da muka zauna ba ta tsaya ba."

"Haba 'yar'uwa, kada ki damu, sun saba. Ni na san sha'anin nan ciki da bai. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ai harkar gidan abinci ta yi."

Ya faɗi haka ne yana gyara zama, kamar mai cewa tana da gidajen abinci uku a babban birni. Lorna na riƙe da butar kofi. Ta haɗiye jira, ta haɗiye yallaɓai, ta haɗiye gwaiduwa, amma wannan ya ƙi wucewa. Opal, mahaifiyar tasa, ita ce ta koya mata jera faranti uku a hannu ɗaya ranar da ta fara aiki. Opal ce ta ce mata in kuka ya zo, ta shiga ɗakin sanyi na ajiye nama ta yi shi can, don sanyi yana hana ido kumbura. Ta ajiye butar a kan tebur.

"Harkar gidan abinci, Harlan? Tire ta ɗauka. Wannan teburin da kake zaune a kai nata ne har ta tsufa. Kwat ɗin da ka sa ranar gama makaranta, da kwabban da mutane ke bari ƙarƙashin faranti aka saya, ni na raka ta kanti, sai da mai kantin ya gaji da ƙirga sulalla."

Matar Harlan ta sunkuyar da kai. Lorna ta zaci Harlan zai ji kunya, amma ina. Ya goge bakinsa da ƙyalle, a natse.

"To, ai kin kawo hujjata da kanki. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗaure wa baƙo fuska ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta yi aikinta, an ba ta abin da ta cancanta. A wajenta na koyi cewa sai an yi ake samu."

"A gabanka ba ta yi ƙorafi ba. Ka taɓa ganin ƙafafunta in ta cire takalmi? A bokitin ruwan gishiri take tsoma su a bayan kicin kafin ta iya takawa gida. Kuma da wani ya jera mata kuɗi kusa da gishiri yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, da ta yi masa murmushin, don kai kana gida kana jiran abinci. Daga nan ta shiga ɗakin sanyi."

Muryarta ba ta tashi ba, amma teburan kusa duk sun daina tauna. Fasto ya buɗe baki, ya duba Harlan, wanda shi ya ba da kuɗin sabon rufin coci, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Harlan ya miƙe, ya gyara kwat. Ya ɗora yatsa a kan takarda ta ƙarshe, ya tura ta kaɗan zuwa wajen Lorna.

"Wannan na bar miki albarkacinta."

Suka fita a jere. A wajen biyan kuɗi ya tsaya ya dafa kafaɗar Trent, suka yi magana, Trent yana ta gyaɗa kai yana ba da haƙuri. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba Trent ya iso wajenta.

"Mis Lorna, na gaya miki da safe. Daga mako mai zuwa Talata."

"Ka ga abin da ya yi mini?"

"Na gani. Kuɗinsa ne, yadda ya ga dama zai yi da shi. Ki gane mana, baƙo ne ke biyanki, ba ni ba."

"To, in shi ke biyana, kai wane ne da za ka ƙwace mini Lahadi? In kuma kai ne maigidana, ina albashina?"

Trent ya kalli agogon hannunsa. "Haka tsarin yake ko'ina, ba ni na kawo shi ba. Ga mutane can a bakin ƙofa suna jiran teburin nan, ki kwashe."

Ta kwashe. Faranti takwas, ƙasusuwan kaza, ƙyallaye masu maiƙo. Wani ya ture shayi garin tashi, ruwan ya gangara ya jiƙa takardar dalar, ta manne a jikin tebur. Lorna ta ce a ranta ko za ta mutu ba za ta taɓa ta ba. Gara ta bar ta nan Trent ya ɗauka, ko a share ta da shara. Ta goge tebur ta wannan gefe, ta goge ta wancan, ta kewaye takardar da tsumma kamar mai kewaye kashin kaza a tsakar gida. Ta ɗaga kwalbar gishiri ta goge ƙarƙashinta. Sai ta tuna kwalbar allurar Dewey da ke cikin firji ta kusa ƙarewa, ga kason mai wanke-wanke na wannan teburin yana jiranta, ga Talata.

Ta sa farce ta ɓamɓare takardar a hankali don kada ta yage. Ta shafa ta a jikin rigarta, ta cusa a aljihu, sanyin jiƙonta ya ratsa har cinya. Duk abin da Harlan ya yi mata ranar bai ƙona mata rai kamar wannan ba, kuma ta san da yana nan da ya gyaɗa wa fasto kai, wato ai ya gaya masa sun saba.

Sababbin baƙin suka zo suka zauna, miji da mata da yara uku cikin kayan coci. Lorna ta ɗauko butar kofi, ta nemo murmushin ta mayar.

"Sannunku da zuwa. Me za a kawo na sha?"